Maganin da ake cewa yana kashe kowace ƙwayar bairos: abin da ya kamata mu sani kafin mu kai baki



Duk sa'ad da wata annoba ta ɓulla, kafin ma'aikatan lafiya su gama bayani, saƙon murya ya riga ya zaga wayoyinmu. Wai an samo wani magani a ƙasar waje mai kashe kowace irin ƙwayar cuta. Wai likitoci sun san da shi suna ɓoyewa. Wai duk mai ɗa ko ƙane a Amurka ko Jamus ya yi maza ya sa a aiko masa. Mun ji irin wannan lokacin Ebola a 2014, har aka kai ga mutane suna wanka da ruwan gishiri suna sha. Mun sake ji lokacin korona a 2020.

Abin da ya sa irin wannan saƙo yake kama zuciya shi ne akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinsa. Lalle masana suna aiki a kan magungunan da ake fata su yaƙi ƙwayoyin bairos iri-iri a lokaci guda, kuma lalle likita yakan ba da magani don wata cutar da ba ita aka rubuta a jikin kwalinsa ba. Amma tsakanin abin da ake fata da abin da aka tabbatar akwai tafiya mai nisa, kuma a kan wannan hanyar ne mutane suke asarar kuɗi, wasu su yi asarar lafiya, wasu ma rai. Shi ya sa muka ware wannan fitowar don mu warware zancen dalla-dalla.

Me ya sa maganin bairos yake da wuyar samu?

Ƙwayoyin da ke sa mana ciwo ba iri ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, masu kawo taifod da kwalara da tarin fuka. Su halittu ne masu cin gashin kansu, suna da bangon jikinsu da kayan aikinsu, don haka ana iya yin maganin da zai fasa bangon nasu bai taɓa namu jikin ba. Wannan shi ne aikin antibayotik, wato irin kafson nan da muka saba gani a kantin magani.

Ƙwayar bairos kuwa ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Sai ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, ta ƙwace kayan aikinsu tana buga kwafin kanta. Kamar baƙo ne da ya shige madafar gidanka, yana girki da tukunyarka da gawayinka. Idan ka ce za ka jefe shi, tukunyarka ce a gaba. Saboda haka antibayotik ba ya yi wa bairos komai, kuma shan kafso don mura ko tari na sanyi ɓarnar kuɗi ce da koya wa bakteriya taurin kai.

Yawancin magungunan bairos da suka yi nasara, kowanne cuta ɗaya ko biyu aka auna da shi. Magungunan HIV sun mai da cutar abin da mutum zai rayu da shi shekaru masu yawa. Sababbin magungunan ciwon hanta nau'in C suna warkar da fiye da mutum 9 cikin 10 a cikin makonni 8 zuwa 12. Sai dai kowanne ya ɗauki shekaru ana bincike, ita kuwa sabuwar annoba ba ta jiran kowa.

Daga nan tunanin magani mai faɗin aiki ya taso. Ƙwayoyin Ebola da Marburg da Lassa da korona da mura mai tsanani da zazzaɓin shawara, duk da bambancinsu, hanyar da suke bi wajen buga kwafin kansu tana kama da juna. Masana suka ce to, bari mu ƙera wani sinadari mai kama da tubalin da ƙwayar take gini da shi, amma gurɓatacce. In ta ɗauka ta sa a gininta, ko dai ginin ya tsaya cak, ko ya cika da kurakurai har ya rushe. Dabara ce mai kyau. Amma ku riƙe wannan a zuciya: abin da ke dagula ginin ƙwayar cuta yana iya taɓa ginin ɗan tayi a cikin mahaifa.

Magunguna huɗu da za ku riƙa jin sunansu

Na farko ribavirin, wanda ya fi sauran tsufa, tun shekarun 1970 aka ƙera shi. An daɗe ana haɗa shi da wasu magunguna don ciwon hanta nau'in C. A 1986 aka wallafa wani bincike daga Saliyo da ya nuna yana rage mutuwa a zazzaɓin Lassa, kuma tun daga lokacin ake ba da shi ga masu wannan cuta a Afirka ta Yamma. Da masana suka sake bin diddigin wancan bincike a 'yan shekarun nan, sai suka ga hujjar ba ta kai ƙarfin da aka ɗauka ba. An kuma gwada shi a kan cutar numfashi ta MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012 kuma ake jan kunnen alhazai a kanta, ba a ga wani amfani bayyananne ba. Illarsa kuwa sananniya ce: yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini har mutum ya rasa jini, kuma yana naƙasa ɗan tayi. Mace ko mijinta, duk wanda ya sha, ana umartar su da su kauce wa ɗaukar ciki na tsawon watanni, aƙalla shida.

Na biyu favipiravir. Ƙasar Japan ta amince da shi a 2014, amma bisa sharaɗin a ajiye shi don sabuwar mura mai tsanani idan sauran magunguna sun gaza, saboda gwaji a kan dabbobi ya nuna yana cutar da ɗan tayi. An gwada shi a Gini lokacin Ebola tsakanin 2014 da 2015, bai ceci waɗanda cutar ta yi wa yawa a jini ba. Lokacin korona ƙasashe irin su Rasha da Indiya sun yi hanzarin ba da izinin amfani da shi, amma manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna yana hana mutuwa ko kwanciya asibiti ba.

Na uku remdesivir, wanda ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa. A ɗakin bincike da kuma jikin birai ya yi wa ƙwayar Ebola kaca-kaca, har aka sa rai ƙwarai. Sai aka gwada shi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo daga 2018 zuwa 2019, a kan marasa lafiya kusan 680 da aka raba wa magunguna huɗu. Cikin waɗanda aka ba remdesivir, kusan 53 cikin 100 suka rasu. Cikin waɗanda aka ba wasu magunguna biyu da aka ƙera musamman don Ebola, kusan 34 zuwa 35 cikin 100 ne suka rasu. Nan take aka daina ba da shi don Ebola. Da korona ta zo aka sake ɗauko shi, Amurka ta yi masa rajista a watan Oktoban 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya da farko ta ce kada a yi amfani da shi, sannan a 2022, bayan ƙarin hujjoji, ta ce yana da amfani ga wasu masu rauni idan an ba su da wuri. A 2024 an ba da shi a Ruwanda lokacin annobar Marburg, inda mutum 66 suka kamu, 15 suka rasu. Wannan adadi ya yi ƙasa da abin da aka saba gani a Marburg, amma marasa lafiyar sun samu kulawa mai kyau ta wasu fannoni da dama, don haka ba a iya cewa maganin ne shi kaɗai ya yi aikin.

Na huɗu molnupiravir, wanda Birtaniya ta fara amincewa da shi don korona a watan Nuwamban 2021. Wani babban gwaji a can, mai mutum fiye da 25,000 waɗanda akasarinsu sun yi rigakafi, ya nuna yana sa a ji sauƙi da ɗan wuri, amma bai rage kwanciya asibiti ko mutuwa ba. Ba a ba mai ciki, ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 18.

In kun lura, labarin duka huɗun ɗaya ne. Kowanne ya yi abin mamaki a cikin kwalbar gwaji. Da aka zo jikin ɗan Adam, wani ya yi ɗan amfani a wata cuta, wani bai yi ba, kuma ba ko ɗaya da ya zama maganin kowace bairos.

Matakan da magani yake bi

Sabon magani yana farawa daga ɗakin bincike, sai dabbobi. In ya tsallake, sai a ba mutane 'yan kaɗan masu lafiya don a ga ko jiki zai ɗauka, da kuma yawan da ya dace. Sai a ba marasa lafiya ɗaruruwa. Daga ƙarshe a ba dubbai, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: waɗannan a ba su sabon maganin, waɗancan a ba su kulawar da aka saba, sannan a kwatanta.

Wannan kwatancen shi ne ƙashin bayan aikin. Yawancin masu mura ko korona suna warkewa da kansu. In mutum ya sha wani abu ranar Talata ya miƙe ranar Juma'a, zai rantse maganin ne, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani ke nan. Amma maƙwabcinsa da bai sha komai ba shi ma ranar Juma'ar ya miƙe. Sai an jera mutane da yawa an ƙirga ake gane gaskiya. Cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan tara ba sa kai wa ga samun rajista. Saboda haka idan aka ce maka magani yana matakin gwaji, ma'anarsa ba a san ƙarshensa ba tukuna. Sayensa cinikin biri a sama ne.

Ba da magani a wajen abin da aka yi masa rajista

Idan hukuma ta yi wa magani rajista, takan fayyace cutar da zai yi wa aiki, da yawan da za a sha, da shekarun mai sha. Amma doka ta bar wa likita dama, idan yana da hujjar ilimi, ya ba da shi don wata cutar dabam ko ga wani rukunin mutane dabam. Wannan ba laifi ba ne, kuma ana yin sa kullum, musamman a ɓangaren yara, domin magunguna da yawa a kan manya aka gwada su.

Wani lokaci abin yana haifar da alheri babba. Dexamethasone tsohon magani ne mai araha, ba don korona aka yi shi ba. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda aka sa wa iskar oksijin. Amma gwajin nan dai ya nuna bai amfani masu ciwo mara tsanani ba, yana ma iya cutar da su, domin yana rage ƙarfin garkuwar jiki. Magani ɗaya, cuta ɗaya, ga wannan ceto, ga wancan haɗari. Wa zai bambance? Sai wanda ya auna mara lafiya. Kuma shi ne maganin da wasu 'yan matanmu suke sha don su yi ƙiba, alhali yana jawo hawan jini da ciwon sukari da lalacewar ƙashi.

Wani lokaci kuma abin yana ƙarewa da nadama. Kowa a cikinmu ya san kulorokwin tun zamanin da ake shan sa don zazzaɓin sauro. A watan Maris na 2020, bayan shugaban Amurka na lokacin ya yabe shi a bainar jama'a, mutane suka yi rububin saye, har hukumomin lafiya a Legas suka ba da sanarwar an kwantar da wasu saboda ya yi musu yawa. Bayan 'yan watanni manyan gwaje-gwaje suka nuna ɗan'uwansa hydroxychloroquine ba ya hana mutuwa daga korona, ga shi kuma yana iya dagula bugun zuciya. Haka aka yi da ivermectin, maganin da ya ceci idanun dubban mutane a arewacin Gana da maƙwabta daga makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Magani ne mai daraja a wurinsa, amma da aka gwada shi sosai a kan korona, bai yi aiki ba.

Bambancin a fili yake. Likitan da ya ba da magani a wajen rajista ya san tarihin mara lafiya, ya san hujjar da ya dogara da ita, zai bi sawu da awon jini, kuma in abu ya ɓaci akwai wanda za a tambaya. Mai saƙon murya a WhatsApp ba ya cikin ko ɗaya.

Idan aka gayyace ka shiga gwajin magani

Dattawanmu suna da dalilin yin ɗari-ɗari. Ba a manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. A nan Gana ma, a 2015 an dakatar da shirin gwajin rigakafin Ebola a Hohoe bayan jama'a da 'yan majalisa sun nuna damuwa.

Amma in ba a yi gwaji ba, ba za a taɓa sanin mai aiki da mara aiki ba. Gwajin Kongo da muka ambata shi ya ba duniya magungunan Ebola biyu da ake amfani da su yau. Abin da ake bukata shi ne a yi shi bisa ƙa'ida. A Gana, Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta wajabta samun izinin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna kafin a yi kowane gwaji a jikin mutane. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji, a faɗa maka illar da ake tsoro, a ba ka lokaci ka yi shawara da iyalinka. Kana da ikon ka ƙi, kana da ikon ka fita a tsakiya, kuma ba za a hana ka kulawar asibiti saboda haka ba. Gwaji na gaskiya ba ya sayar maka da maganin da ake gwadawa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka maganin gwaji, ka san da wanda kake magana.

Waɗanda haɗarin ya fi kusa da su

Na gaba su ne mata masu ciki, da masu shayarwa, da waɗanda ke iya ɗaukar ciki ba su sani ba. Sai masu ciwon ƙoda ko hanta, domin waɗannan gaɓoɓi ne ke tace magani daga jiki. Sai masu ƙarancin jini da masu sikila. Sai iyayenmu tsofaffi masu shan maganin hawan jini ko sukari ko zuciya kullum, domin wasu magungunan bairos, irin su Paxlovid na korona, suna karo da magunguna da yawa.

Akwai kuma wata magana da ta shafi gidaje da yawa a zango, wato ciwon hanta nau'in B. Maganin tenofovir yana aiki a kan wannan cuta da kuma HIV, kuma an tabbatar da hakan. Amma ba duk mai ɗauke da ƙwayar ne yake bukatarsa ba, sai awo ya nuna. Wanda ya fara sha da kansa ya daina kwatsam, ciwon yana iya taso masa da ƙarfi har hanta ta gaza. Wanda kuma yake da HIV bai sani ba ya riƙa shan sa shi kaɗai, ƙwayar tana iya koyon jure masa. Kada a karɓi ragowar na wani, kada a ba wani naka.

Sannan ga matsalar jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Maganin da ake rububinsa, mai tsada, wanda ba a samu a famasi, shi ne abin da 'yan damfara suka fi so.

Abin da za mu yi

Idan likita ya rubuta maka maganin da ba ka saba ji ba, matambayi ba ya ɓata. Tambaye shi:

Wannan magani an yi masa rajista don ciwona, ko kuwa ana gwadawa ne?

Wace hujja ake da ita cewa yana aiki ga mai irin halina?

Wace illa zan sa wa ido, kuma in na gan ta ina zan je?

Zai yi karo da magungunan da nake sha, har da na gargajiya?

Akwai matsala in ina da ciki, ko matata tana da shi, ko muna nema?

In za ka asibiti, ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su. In 'ya'ya sun aiko da magani daga waje, a gode musu, amma a kai wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna a famasi ya duba kafin a sha. A duba lambar rajistar hukuma da ranar lalacewa a jikin kwali. In magani ya yi wa wani illa, a sanar da asibiti, domin su kai rahoto ga hukuma.

Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro bayan kwana biyu ko uku, ko wanda ya zo da zubar jini, ko idanu suka yi rawaya, ko numfashi ya yi wuya, ba na jinya a ɗaki ba ne. Cutar Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti a watan Yulin 2022, Lassa kuma a Akra a watan Fabrairun 2023, don haka ba labarin nesa ba ne. A irin waɗannan cututtuka, zuwa asibiti da wuri, da ƙarin ruwa, da kulawar ma'aikata suna ceton rai, kuma suna kare sauran mutanen gida. Mu da muke zaune gida ɗaya iyali da yawa, bayi ɗaya, famfo ɗaya, jinkirin mutum guda yana iya shafar kowa.

Abubuwan da aka riga aka tabbatar kuwa suna nan kusa da mu: rigakafin zazzaɓin shawara, da na ƙyanda, da na ciwon hanta nau'in B, da wanke hannu da sabulu, da rufe abinci daga ɓeraye. Muna roƙon limamanmu da sarakunanmu da shugabannin mata su taya mu isar da wannan a masallatai da wuraren suna da biki. Wanda kuma saƙon maganin komai-da-komai ya shigo wayarsa, ya tsaya ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya tura wa wani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.